Yadda Na Bi Sheƙar Hankaka da Littafi a Hannu

Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta kwana da ke bayan gari, kuma abin da ya jefa ni neman littattafan sheƙa da ƙwan tsuntsaye tambaya ce da wani yaro ɗan aji huɗu ya yi mini a tsakiyar darasi. Na gama bayani ke nan cewa kowane tsuntsu ƙwai yake sakawa, babu mai haihuwa a cikinsu, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, har da hankaka?" Na ce har da shi. Ya ce to su dai Baba maigadi ya gaya musu cewa hankaka ba ya yin ƙwai, ɗan tsakon wani yake ɗaukewa ya kai sheƙarsa ya rene shi har ya rikiɗe ya zama hankaka, shi ya sa ake yi masa kirari da hankaka mai da ɗan wani naka. Na yi dariya na ce wannan zancen mutanen da ne. Yaron bai yi dariya ba, sai ya sake tambaya cikin ladabi, "Malam, kai ka taɓa ganin ƙwan hankaka?" Ban taɓa gani ba, kuma ban iya yi masa ƙarya a gaban aji ba, don haka na yi alkawarin cewa kafin shekarar karatu ta ƙare za mu gani tare.

Abu na farko da na yi shi ne aron littafi daga wani abokina mai sha'awar kallon tsuntsaye, wato babban littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma da Nik Borrow da Ron Demey suka fitar a 2001. Littafi ne mai kyau ƙwarai, akwai zanen kowane tsuntsu da taswirar inda ake samunsa da bayanin kukansa, amma ban yi nisa da buɗe shi ba na gane cewa an rubuta shi ne don mutum ya shaida tsuntsun da ya gani, ba don ya san abin da ke cikin sheƙarsa ba. Abokin nawa ne ya fahimtar da ni cewa littattafan tsuntsaye kashi-kashi ne, kuma irin wanda nake nema sai a cikin tsofaffi ko a cikin manyan kundaye masu mujalladi da yawa. Ya ba ni wani ƙarami na 1977 wanda William Serle da Gérard Morel suka rubuta, Wolfgang Hartwig ya yi zanensa, kuma a nan ne na fara ganin 'yan layuka a ƙarƙashin tsuntsu da ke faɗin inda yake gina sheƙa, da abin da yake ginawa da shi, da yawan ƙwai da launinsu.

Sauran sai da na yi tafiya a lokacin hutun hunturu zuwa ɗakin karatu na wata babbar makaranta. Dattijon da ke kula da sashen ya kai ni wani lungu inda aka jera mujalladai takwas na David Bannerman a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, waɗanda suka fito ɗaya bayan ɗaya daga 1930 zuwa 1951, da kuma babban kundin tsuntsayen Afirka baki ɗaya wanda mujalladinsa na farko ya fito a 1982, na bakwai kuma a 2004. Ba a bayar da aron irin waɗannan littattafai, saboda haka kwana uku na yi ina zuwa da safe ina kwafar abin da nake so da hannu, wasu shafukan kuma na ɗauki hotonsu da waya bayan na nemi izini. A babban kundin ne na sami tsarin da na fi amfana da shi, domin a ƙarƙashin kowane tsuntsu akwai sashe na musamman kan hayayyafa, inda aka bi abin daki-daki: siffar sheƙa, wanda yake gini tsakanin namiji da mace, yawan ƙwai, awonsu da milimita, watannin saka ƙwai ƙasa-ƙasa, kwanakin kwanci, da kwanakin da 'ya'ya ke yi kafin su tashi.

A nan na kusa yin kuskuren da zai cinye mini shekarar gaba ɗaya. Littafin da ya fi burge ni shi ne na Warwick Tarboton na 2011, wanda aka keɓe shi kacokan ga sheƙa da ƙwai, har da hotunan ƙwayayen daidai girmansu na zahiri, kuma akwai hankaka a ciki, irin namun nan mai farin ƙirji. Sai dai littafin na kudancin Afirka ne, inda damina take faɗowa a lokacin da mu muke cikin rani, don haka watannin da ya bayar na saka ƙwan hankaka sun karkata ne zuwa ƙarshen shekara. Na riga na rubuta a takardata cewa sai mu jira Satumba, kafin na koma ga jerin tsuntsayen Najeriya na John Elgood, wanda ya fara fitowa a 1982 aka sake fitar da shi da gyara a 1994, na ga cewa a ƙasarmu lissafin ya bambanta, hankaka yana fara gini ne tun cikin bazara kafin ruwa ya sauka. Daga ranar na ɗauki ƙa'ida cewa siffar ƙwai da kwanakin kwanci zan iya karɓarsu daga kowane littafi, amma wata ba na karɓarsa sai daga wanda ya yi kallonsa a wannan yankin.

Karanta waɗannan shafuka ma sai da na koya. Idan littafi ya ce ƙwan hankaka ya kai kimanin milimita 45 a tsawo da 31 a faɗi, lambobin ba su nuna mini komai ba sai da na ɗauki ƙwan kazar gida na auna da rula, na ga ashe na hankaka ya ɗan fi shi ƙanƙanta kuma ya fi shi siranta. Launi ya fi wuya, domin marubutan suna da kalmomi barkatai na bambanta ɗigo da dabbare da zane, kuma dole na zauna na mayar da su Hausar da ɗalibaina za su gane: ƙasan ƙwan tsanwa-tsanwa ne mai haske da ya ɗan ja zuwa shuɗi, an yayyafa masa ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, wasu manya wasu ƙanana. Haka kuma na koyi cewa masu wannan aiki suna ƙirga kwanakin kwanci ne daga ranar da aka saka ƙwai na ƙarshe zuwa ranar da ya ƙyanƙyashe, wanda ke nufin idan ban ga farkon sakawa ba, duk lissafin da zan yi daga baya kintace ne.

Wani abu da ya tsaya mini a rai lokacin da nake kwafar waɗannan bayanai shi ne yadda aka same su. Yawancin awon ƙwai da ke cikin tsofaffin littattafai daga ƙwayayen da aka kwashe ne aka yi shi, ana huda su a fitar da abin da ke ciki a ajiye ɓawon a cikin akwati da takardar wuri da rana. Shi kansa Serle likita ne ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Najeriya da Kamaru, kuma ya tara ƙwai masu yawa waɗanda yanzu suke ajiye a gidan tarihi a ƙasarsu. Ba zan ce aikin bai yi amfani ba, domin a 1967 da irin waɗannan tsofaffin ƙwayaye na gidajen tarihi Derek Ratcliffe ya nuna cewa ɓawon ƙwan shaho a Birtaniya ya yi ta raguwa a kauri tun bayan yaƙin duniya na biyu, abin da aka danganta da maganin ƙwari na DDT. Amma Birtaniyar ta hana kwasar ƙwan tsuntsayen daji da doka tun 1954, ni kuma malamin makaranta ne da yara ke kwaikwayon abin da na yi, saboda haka na yanke cewa ba ni ba ɗalibaina, babu mai taɓa ƙwai ko ɗaya.

Maimakon akwatin ƙwai sai na ɗauki tsarin kati, irin wanda masu kallon tsuntsaye a Birtaniya suka fara amfani da shi a 1939, inda kowace sheƙa take da katinta. Na yanka kwali na ja layuka: sunan tsuntsu, wuri, irin bishiya, tsawon sheƙa daga ƙasa, kayan gini, sannan a ƙasa layi ɗaya ga kowace ziyara, da rana da lokaci da yawan ƙwai da yawan 'ya'ya da abin da iyaye suke yi. A bayan katin na rubuta dokokin da na tsinto daga littattafan, cewa ziyara ta kasance gajeriya, a bar kwana uku ko huɗu tsakanin wannan da waccan, kada a kori uwa daga kan ƙwai da tsakar rana lokacin da zafi zai iya dafa su, kada a tattake ciyawa a bar hanyar da za ta kai mage ko guza wurin, kuma kada a matsa kusa idan 'ya'ya sun yi gashi, don kada su firgita su faɗo kafin fiffikensu ya yi ƙwari. Kayan aikin ba su da yawa, tsohon madubin babur ne na ɗaure a kan gora mai tsawo don leƙa sheƙar da ta fi ƙarfin idona, sai madubin hangen nesa da abokina ya bar mini.

Kafin lokacin hankaka ya zo na ga ya kamata mu gwada hannu da kurciya, wadda take yin sheƙa kusan kowane lokaci na shekara kuma ba ta hawa sama sosai. Mun sami wata a cikin darbejiyar bayan ɗakin gwaje-gwaje, 'yan kirare ne kawai aka gicciya, har ana hango farin ƙwai biyu ta ƙarƙashi, kamar yadda littafi ya faɗa. A nan na yi wautar da har yanzu take damuna. Murna ta ɗebe ni na kwashi aji guda, yara fiye da ashirin, na kai su gindin bishiyar kowa ya leƙa madubi, ana hayaniya ana nuni da yatsa, na karya kusan duk dokokin da na rubuta da hannuna. Da na koma bayan kwana biyu sheƙar wayam take. Ko mage ce ta bi sawunmu, ko wani mai danƙo ne ya dawo da yamma, ko hankakan da suke kallonmu daga saman rufi ne, sakamakon ɗaya ne, kuma dole na rubuta a katin farko na rayuwata cewa an kwashe ƙwan, na ƙara da cewa laifin mai kallo ne.

Daga nan na taƙaita masu raka ni zuwa yara biyu, wanda ya yi tambayar da wani abokinsa mai natsuwa, kuma muka yi alkawarin ba za a faɗa wa kowa wurin sheƙa ba sai 'ya'ya sun tashi. Sheƙar kurciya ta biyu ta tafi lafiya. Mun ga namiji yana karɓar kwanci da hantsi macen ta dawo da la'asar, ƙwan suka ƙyanƙyashe cikin mako biyu, 'yan shilan kuma suka bar sheƙa bayan wasu makonni biyun da 'yan kwanaki, duk daidai da abin da muka kwafo.

A ƙarshen watan Maris ne yaron ya zo ya ce ya ga hankaka ɗauke da kara a baki yana shiga babban maɗacin da ke kusa da tankin ruwan makaranta. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, domin abin da ya sa mutane ba sa ganin ƙwan hankaka shi ne yana gini can ƙololuwa, a kan giginya ko dogon maɗaci ko turakun wutar lantarki da na sadarwa, inda gora da madubi ba sa kaiwa. Tankin namu yana kan hasumiyar ƙarfe mai tsani, kuma dandamalinsa ya ɗan ɗara reshen da suka zaɓa, ta yadda wanda ya hau zai iya hangen cikin sheƙar daga gefe ba tare da ya taɓa bishiyar ba. Na je wurin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izinin hawa tanki sau biyu a mako." Ya dube ni na ɗan lokaci kafin ya yarda, da sharaɗin cewa ni kaɗai zan hau, yaran su tsaya a ƙasa suna rubuta abin da na faɗa musu.

Ginin ya ɗauke su kusan mako biyu, su biyun suna aiki. Littafi ya ce sheƙar ta itatuwa ce, wani lokaci har da waya, a shimfiɗa cikinta da tsumma da gashi, kuma haka muka gani, sai dai tamu ta ƙara da abin da tsofaffin marubutan ba su ambata ba, wato leda da zaren buhun taki, tare da gashin akuya da nake zaton daga mahautar gari suka kwaso shi. Ina hawa ne da sassafe bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ba na wuce minti uku a sama, kuma tun daga ziyara ta biyu hankakan suka gane ni. Da zarar na kama tsani sai su tashi su yi ta kewaya kaina suna kuka, har wasu daga cikin gari su zo taya su, kuma abin ya kai ko a filin makaranta na bi, ba tare da na nufi tanki ba, sai sun bi ni da tsawa sun bar sauran malamai.

A makon farko na Afrilu na ga ƙwai biyu, tsanwa-tsanwa da ɗige-ɗige, kamar an ciro su daga shafin littafi. Na sanya wayata a bakin madubin hangen nesa na ɗauki hoto, na sauko na nuna wa yaron, kuma a raina na ɗauka magana ta ƙare. Ziyara ta gaba sai na ƙirga shida, kuma biyu daga ciki sun fi sauran ƙanƙanta ƙwarai, launinsu kusan ɗaya da na manyan amma ɗigensu ya fi ƙanana. Littafi ya ce hankaka yana saka ƙwai uku zuwa shida, don haka adadin bai dame ni ba, sai na sa aka rubuta cewa akwai ƙanana biyu, wataƙila na ƙarshe ne da ba su cika ba, kamar yadda kaza take yi wani lokaci. Na kuma lura ɗaya daga cikin manyan yana da 'yar lotsawa a gefe. Da dare ina sake duba hotunan shafukan da na ɗauko, sai idona ya faɗa kan wani layi a ƙarshen sashen hankaka wanda na karanta a baya ban kula da shi ba, inda aka ce wani tsuntsu daga dangin da Turawa ke kira kuku (cuckoo) yana saka ƙwansa a sheƙar hankaka.

Sai na koma sashen wannan tsuntsu, wanda masana ke kira Clamator glandarius, na karanta shi daga farko har ƙarshe. Dogon tsuntsu ne mai doguwar wutsiya, bayansa ruwan toka mai duhu da fararen ɗige-ɗige, cikinsa fari mai ɗan rawaya, kansa da tukku. Ba ya gina sheƙa ko kaɗan. A Turai sheƙar wani ɗan'uwan hankaka mai doguwar wutsiya ya fi zaɓa, a Afirka kuwa hankaka yana cikin manyan waɗanda yake ɗora wa reno. Ƙwansa kimanin milimita 33 ne da 24, wanda ya yi daidai da ƙanƙantar da na gani, kuma an rubuta cewa namijin yakan ja hankalin masu sheƙa su bi shi da kora, macen ta faki ido ta saka ƙwanta cikin 'yan daƙiƙu, sau da yawa ƙwan nata ya faɗa kan na masu gida ya fasa shi ko ya lotsa shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a wata ƙasa mai nisa kaɗai aka ga wannan ba, a Sakkwato ma Mundy da Cook sun bi sheƙunan hankaka sun rubuta wannan hulɗa, aka buga a mujallar Ostrich a 1977. Da safe na nuna wa yaran zanen tsuntsun, nan take abokin ya ce ai ya ga irinsa a kan katangar makaranta kwanakin baya, yana ta ƙara hankaki suna bin sa. Na goge abin da muka rubuta na ƙwan da ba su cika ba, amma na bar alamar gogewar a jikin katin da gangan.

Abin da ya biyo baya mun riga mun karanta shi, sai dai ganinsa daban ne. Ƙwan kuku yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako biyu, na hankaka kuwa sai ya kai kwana 18 ko 19, don haka baƙin suka riga 'yan gida fitowa da kwanaki, kuma kafin na farkon hankaka ya fasa ɓawo su har sun fara kumbura. Lotsattsen ƙwan ya ɓace, sauran ukun suka ƙyanƙyashe. Kukun Turai da ya fi shahara a littattafan makaranta ɗansa yakan tura ƙwai da 'ya'yan masu gida waje ya zauna shi kaɗai, amma wannan ba ya yin haka, da roƙo yake cin nasara, domin duk lokacin da uwa ko uba ya sauka da abinci bakinsa ne farkon buɗewa kuma kukansa ya fi na kowa. Ƙaramin 'ya'yan hankakan bai kai mako guda ba na daina ganinsa. Sauran biyun suka jure, kuma da yake jinsinsu ya fi girma, cikin makonni biyu suka kamo baƙin suka wuce su. Saboda tazarar da nake bari tsakanin ziyara, ban iya rubuta takamaimiyar ranar ƙyanƙyasa ba, sai dai na rubuta tsakanin rana kaza da rana kaza, kuma a nan ne na gane irin zaman da wasu suka yi kafin a sami lamba ɗaya tak da na kwafa cikin minti guda a ɗakin karatu.

Yaran ne suka raɗa wa baƙin suna, suka ce agololin hankaka ne, sunan kuma ya bi makaranta bayan mun saki labarin. Sun bar sheƙa suna da kimanin mako uku da 'yan kwanaki, a daidai kwanakin da shamuwa ta dawo kan kukar bakin kasuwa kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas, alhali 'ya'yan hankakan suna nan a ciki sai da suka ƙara kusan mako uku. Ƙananan kukun ba su yi kama da hoton babban ba, kansu baƙi ne kuma akwai ja-ja a fiffikensu, abin da littafin Borrow da Demey ya nuna a fili, don haka littafin da na raina da farko shi ma ya yi ranarsa.

Baba maigadi ba ya iya hawa tsani, kuma hoton waya bai gamsar da shi ba, ya ce a waya ana iya nuna wa mutum komai. Wata safiya ɗaya daga cikin agololin ya sauko kan ƙaramin reshen darbejiya kusa da ƙofar makaranta, yana karkaɗa fiffike yana kuka, sai ga hankaka ya sauka ya ɗura masa abinci a baki, Baba yana zaune a kan bencinsa yana kallo. Ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka ga abin da muke faɗa kuna cewa zancen da ne. Wancan ɗan hankaka ne?" Na ce, "Ba nasa ba ne, Baba, amma ba shi ya ɗauko shi ba, kawo masa aka yi tun yana ƙwai, kuma nasa 'ya'yan suna can sama, daga ƙwan da ya saka suka fito." Ya yi shiru yana duban tsuntsun, sannan ya ce, "To ashe shi ma cutarsa ake yi. Amma ko ɗaukowa ko kawowa, Malam, ɗan wani dai yake ciyarwa." Ban yi masa musu ba. A ganina mutanen da suka yi wannan kirari sun ga abubuwa biyu na gaskiya, hankaka yana sure 'yan tsaki a tsakar gida, kuma ana ganinsa yana ciyar da tsuntsun da ba irinsa ba, abin da ya ɓace musu kawai shi ne cikin sheƙar da ke can sama.

Kafin hutun ƙarshen shekara mun cika kati goma sha ɗaya, har da na tsuntsun gado da ya yi ta saƙar sheƙa a bishiyar bakin rafi bayan ruwa ya zauna, wanda littafi ya ce namijin ne yake saƙar kuma yakan warware ta idan mace ta ƙi, muka kuwa ga tarin warwararrun a ƙasa. Na kwafe katunan a kwamfuta don aika su ga masu binciken tsuntsaye na cibiyar A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda take jagorantar aikin tattara bayanan tsuntsayen Najeriya, na kuma fara mayar da bayanan da na kwafo zuwa Hausa, shafi ɗaya ga kowane tsuntsu, da watannin da muka gani da idonmu a gefen waɗanda littafi ya bayar. Katin hankakan yaron da ya yi tambayar ne ya rufe shi da hannunsa, ya rubuta a layin ƙarshe: ƙwai shida, huɗu na masu gida biyu na baƙo, an tashi da hankaka biyu da agola biyu. Shafi na gaba da ya zaɓa mana shi ne na tsattsewar giginya, wadda littafi ya ce da yawunta take manne sheƙarta a jikin ganye, ta kuma manne ƙwanta biyu a jikin sheƙar don kada iska ta kaɗo su, kuma tuni ya auna gorarmu ya ce sai an ƙara mata aƙalla wasu gorori biyu kafin madubin ya kai.